Ramin da Ba Ya Cikin Littafi

Asabar, 4 ga wata, ƙarfe 5:40 na yamma

Anti, matar Yaya, ta ba ni kwalin yau. Na je kai mata kwanukan da na ɗauko daga asibiti, ta tare ni a ƙofar falo ta ce, "Akawu, don Allah ɗauke min abin nan daga kan tebur. Duk lokacin da na wuce sai in ga kamar yanzu zai shigo ya ja kujera."

Jirgin ruwa ne na roba, irin na dakon kaya, wanda ake sayowa guntu-guntu a kwali mutum ya harhaɗa da kansa. Tsawonsa daga gwiwar hannuna zuwa kan yatsa. Wata biyar Yaya yana kansa. Na ɗora shi a kujerar gaba, na riƙe da hannu ɗaya har gida.

Yau kwana huɗu da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Yaya. Ba ya magana. Hannun dama ba ya motsi. Likita ya yi bayani mai tsawo, na rubuta a bayan kati, yanzu na duba ban gane rubutuna ba.

Lahadi, 5 ga wata, ƙarfe 10:15 na safe

Na shimfiɗa tsohuwar jarida, na zazzage komai na ƙirga. Littafin bayani ya ce guntaye 412 ne, mataki 38. Na samu 187 a jikin jirgin, 224 a kwali. Ɗaya ya ɓata, ko kuma ni na yi kuskure. Na sake ƙirgawa sau biyu, na samu amsa biyu.

Ban san inda Yaya ya tsaya ba. Ya yi mataki na 9, ya tsallake zuwa na 21, ya dawo na 14 ya yi rabinsa. Haka yake tun muna yara. Shekara talatin yana gyaran firji bai taɓa buɗe takardar da ke zuwa da inji ba, kunne yake karawa ya ce ga ciwon. Ni kuwa ko fitila na saya sai na karanta takardarta. Shi ya sa min Akawu tun ina aji uku, don ya ga ina ja wa littafina layi da rula, har sunan ya bi ni ofis.

Na ga kurakurai. Bututun hayaƙi ya kamata ya zama baƙi da jan layi, shi ya shafa masa rawaya da shuɗi. Kwale-kwalen ceto huɗu ne a zane, shi ya ɗora uku ya bar gurbin na huɗu. Sannan akwai rami ɗaya a gefen hagu wanda ba ya cikin littafi. Wataƙila mahuji ne ya kufce masa.

Litinin, 6 ga wata, ƙarfe 6:30 na yamma

Na biya asibiti daga ofis. Gadonsa na uku ne daga taga. An aske masa gemu, bai yi kama da kansa ba.

Na zauna. Na gaya masa an gyara titin gidansu. Na gaya masa Inna tana gaishe shi, ƙafarta ce ta hana ta hawa bene. Can na ce, "Yaya, jirginka yana wurina. In ƙarasa maka shi kafin a sallame ka?"

Ya kama hannuna da hagunsa ya matse sosai. Ya buɗe baki, wani sauti ya fito. Na ce, "To, Yaya, na ji. Zan yi."

A mota nake tunani, me na ji?

Laraba, 8 ga wata, ƙarfe 7:05 na safe

Na samu guntun da ya ɓata. Yana cikin aljihun rigata. Ban san yadda aka yi ba.

Alhamis, 9 ga wata, ƙarfe 5:50 na yamma

Na cike ramin. A shafin ƙarshe na littafin akwai dabara: a yanka ragowar robar da guntayen suke maƙale a jiki, a jiƙa a cikin gam har ta narke ta zama ƙullu, sai a cike da ita. Tunda robar iri ɗaya ce, idan ta bushe ba a gane wurin. Na ɗiga da tsinke. Akwai wasu 'yan loɓa guda biyu kusa da shi, daga kamfani suka zo haka, su ma na cike su tunda ƙullun ya ragu.

Ɗakin ya cika da warin gam. Maman yara ta leƙo ta toshe hanci da mayafi.

"Malam, wai jirgin nan zai kai mu wani wuri ne, in fara haɗa kaya?"

Na ce na Yaya ne.

"Na sani. Shi ya ce ka taɓa masa?"

Na ce ya matse min hannu.

"Ni ma ina matse maka hannu in za ka faɗi abin da bai kamata ba a gaban baƙi."

Ta ajiye shayi ta fita. Ya huce ban sha ba.

Asabar, 11 ga wata, ƙarfe 4:20 na yamma

Na goge wurin da samfefa mai kaushi, sannan mai laushi, sannan mai laushin da ruwa. Na shafa da yatsa na rufe ido, ban ji komai ba. Fenti shafi uku, ina barin awa biyu tsakani. Ko ni da na yi aikin ba zan iya nuna wurin ba. Wannan ne abu na farko da ya tafi daidai a makon nan.

Mai koyar da magana ta fara zuwa wurin Yaya. Tana nuna masa hoton kofi, hoton kujera. Anti ta ce jiya ya kusa cewa ruwa.

Maganar da muka yi da shi ranar Litinin ɗin can, kafin ciwon ya kwantar da shi, ba zan rubuta ta a nan ba.

Talata, 14 ga wata, ƙarfe 1:10 na rana

A ofis nake. Shugaban sashe ya nemi wani fayil tun safe, na juye ɗakin ajiya kaf. Ashe na saka shi a ƙarƙashin shekarar da aka haife ni. Shekara goma sha bakwai ina ɗakin nan ban taɓa ɓatar da takarda ba. Ya dube ni ya ce, "Akawu, ka ɗauki kwana biyu mana." Na ce lafiyata lau. Ya ce bai tambaye ni ba.

Alhamis, 16 ga wata, ƙarfe 6:00 na yamma

Bututu ya koma baƙi da jan layi. Sai da na kankare rawayan da reza, don ya yi kauri, kamar ya shafa ya sake shafawa sau da yawa. A ƙarƙashinsa na ga rawaya kala-kala, wani ya fi wani haske. Me ya sa mutum zai yi kuskure ɗaya sau biyar?

Kwale-kwale na huɗu ya hau gurbinsa. Na manne daben sama a kan gangar jiki, na ɗaure da zare har gam ya kama. Yanzu cikin ya rufu ke nan. Saura shingen gefe da tsani da igiyoyin ƙugiya. Shingen siriri ne kamar gashi, da hantsaki ake ɗaukarsa, in ka yi numfashi da ƙarfi ya tashi. Na karya biyu.

Mataki na 30. Saura takwas.

Asabar, 18 ga wata, ƙarfe 7:15 na yamma

Ban san me na yi ba.

Na gama da azahar. Na ɗora shi a kan katakonsa, na ɗauki hoto ta gefen hagu inda haske ya fi kyau, na tafi asibiti. Anti tana ba shi abinci a baki. Na ce, "Yaya, rufe ido." Bai rufe ba. Na miƙa masa wayar.

Ya daɗe yana kallo. Ya sa babban yatsa ya ja hoton ya ƙara girma, ya bi gefen jirgin a hankali daga gaba zuwa baya, ya sake dawowa. Sai ya kife wayar a kan bargo, ya juya fuskarsa bango.

Na ce, "Na gyara maka wuraren da suka kufce. Duk yadda littafi ya ce."

Anti ta kai cokali, ya rufe baki. Ta ce min, "Je ka tukuna, Akawu. Gajiya ce."

Na tsaya a baranda ina duba hoton. Na gwada shi da na jikin kwali a kaina. Babu abin da ya bambanta. Tsani yana nan, anga, ƙarfen tsayar da jirgi, tana nan. Na ƙirga tagogi, sun cika.

Lahadi, 19 ga wata, ƙarfe 8:00 na safe

Ko jan layin ne ya karkace? Na auna. Bai karkace ba.

Litinin, 20 ga wata, ƙarfe 6:45 na yamma

Da ya ji muryata a ƙofa ya rufe ido. Na zauna minti arba'in. Na san ba barci yake ba, don in yana barci bakinsa a buɗe yake.

Mai koyar da magana ta same ni a baranda. Ta ce kwana biyu ke nan ya ƙi ko gwadawa, ta nuna masa hoto ya ture. Ta ce makonnin nan na farko su ne masu muhimmanci, in ya saki yanzu, abin da zai dawo daga baya kaɗan ne. Ta ce, "Akwai abin da ya ɓata masa rai?"

Na ce ban sani ba. Gaskiya na faɗa. Ina jin gaskiya na faɗa.

Laraba, 22 ga wata, ƙarfe 6:20 na safe

Zan rubuta.

Ranar Litinin ɗin can na je gidansa a kan maganar rufin ɗakin Inna, wanda ya ce zai gyara tun bara. Na same shi a tebur da tabarau biyu a hanci, ɗaya kan ɗaya, yana shafa fenti. Ko ɗagowa bai yi ba. Na ce, "Shekara hamsin kana wasa da jirgin roba. Shi ma ba gamawa za ka yi ba, kamar komai naka."

Ya ce, "Akawu, ba za ka gane ba." Na ce to ya ganar da ni. Ya ce sai ya gama. Na fita ban yi sallama ba.

Washegari da hantsi Anti ta kira.

Likita ya ce abin ya daɗe yana taruwa a jikinsa, ba na kwana ɗaya ba ne. Na tambaye shi sau uku. Sau uku ya faɗi haka.

Alhamis, 23 ga wata, ƙarfe 5:30 na yamma

Inna ta zo. Maman yara ce ta ɗauko ta, wai ta kwana biyu a wurinmu. Tana shiga falo da sandarta ta tsaya a gaban kabad inda na ɗora jirgin.

"Wa ya baƙanta masa bututu?"

Na ce, "Inna, haka littafin ya ce."

"Littafin ya taɓa tsayawa a bakin ruwa yana ɗaga hannu?"

Ban gane ba. Ta ce in jawo mata kujera.

Na san Baba kuku ne a jirgin ruwa. Na san ya tafi ina da shekara biyu, ciwo ya kama shi a hanya, aka binne shi a wata ƙasa. Iyakar abin da na sani ke nan, don ba a maganarsa a gidanmu, kuma ko hotonsa babu. Sunan da ke jikin kwalin nan ba na jirginsa ba ne. Ta yaya zan haɗa?

Inna ta ce Yaya ya yi shekaru yana neman wanda ya yi kama da shi, wannan ne ya fi kusa, sauran kuma yake gyarawa da ka. "Rawaya ne, da shuɗin layi. Mako guda yana kawo min kala a murfin kwalba. Inna, haka? In ce ƙara fari. Ya tafi ya dawo. Inna, haka?"

Na ce kwale-kwalen fa?

"Uku ne ranar. An sauke ɗaya ana masa gyara, a kansa ma na zauna."

Na ce ramin fa?

Ta dube ni. "Ka toshe?"

Na ce na toshe.

Ta ce tagar kicin ce. Ranar tafiyar ƙarshe Baba ya shiga da Yaya ciki, yana ɗan shekara goma, ya nuna masa tukwane, ya ɗaga shi ya leƙa ta wannan tagar. Da jirgi ya tashi, ta nan Baba ya zuro hannu da farin tawul yana kaɗawa har suka daina gani.

Na ce, "Inna, nuna min wurin. Yanzu zan huda."

"Auta, ni daga nesa nake, kana goye a bayana kana tsala ihu. Tawul na gani. Shi ya shiga, shi ya sani."

 

Juma'a, 24 ga wata, ƙarfe 4:50 na yamma

Na koma shafin 5 ga wata. Na rubuta guntaye nawa ne a kwali, nawa a jiki. Game da ramin na rubuta "a gefen hagu". Shi ke nan. Ni da nake auna jan layi. Ban ɗauki hoto ba kafin in taɓa, don ban ga abin ɗauka ba.

Ta ciki ba a gani, na manne daben da hannuna. Na haska tocila ta baya, fenti shafi uku bai bar haske ya ratsa ba. Na wanke fentin gefen hagu duka. Da gilashi mai ƙara girma na ga tabo uku, dishi-dishi, a jere kusa da juna. Ɗaya na Yaya ne, biyu na kamfani. Duk girmansu ɗaya, don da tsinke ɗaya na cike su.

Da safe na tabbata na tsakiya ne. Da rana na tabbata na baya ne.

Asabar, 25 ga wata, ƙarfe 9:30 na safe

In na huda duka ukun, ɗaya zai zama daidai. In na huda duka ukun, biyu ƙarya ne.

Asabar, ƙarfe 3:00 na rana

Anti ta kira. Cokali uku ya ci tun jiya. Ta ce, "Akawu, ni ban san me ke tsakaninku ba, ban kuma tambaya ba. Amma ka zo ka kwance abin da ka ɗaura."

Na cire kwale-kwale na huɗu. Na kankare baƙin bututu. Jirgin ya yi muni, gefe ɗaya ba fenti, bututu duk zane. Ya fi kama da yadda na karɓe shi.

Lahadi, 26 ga wata, ƙarfe 6:40 na yamma

Na naɗe shi a tawul na kai asibiti. Sista ta tare ni a ƙofar ɗaki.

"Malam, mene ne wannan kamar jariri?"

Na buɗe mata.

"Nan asibiti ne, ba tashar ruwa ba. Akwai gam? Akwai abin yanka?"

Na ce fensir ne kawai da ɗan mahuji na hannu. Ta karɓi mahujin ta jujjuya, ta ce allurarta ma ta fi shi ban tsoro. "Minti goma. In babbarmu ta zo, ban gan ka ba, ban ga jirginka ba."

Ya rufe ido da ya ji ni. Na ɗora jirgin a kan bargo, a gefen hagunsa. Na shirya magana tun a mota, mai farko da tsakiya da ƙarshe. Duk ta gudu. Na ce, "Yaya, Inna ta gaya min. Na toshe tagar Baba. Ban san inda take ba. Kai kaɗai ka sani."

Anti tana tsaye da kofi a hannu. Mai gadon kusa ya rage rediyonsa.

Na ce, "Abin da na faɗa ranar nan ma."

Ban ƙarasa ba. Hannunsa ya fito daga bargo, ya dafa jirgin, ido a rufe. Ya shafa bututu, ya ji kankararren wurin. Ya shafa gurbin kwale-kwale, ya ji babu. Sai ya buɗe ido.

Na nuna masa tabo ukun da bakin fensir. Na ce, "Wannan?" Bai motsa ba. "Wannan?" Bai motsa ba. "To wannan?" Ya yi tsaki. Tsakin nan nasa na da, bai canza ba ko kaɗan.

Na ɗora fensir a na tsakiya. Ya ture shi da yatsa zuwa ƙasa. Na mayar, na ce, "Yaya, tabon a nan yake, ga shi, nan ka huda da kanka." Ya sake turewa. Na sake mayarwa. Ban san me ya sa na mayar ba, hannuna ne ya yi.

Bakinsa ya karkace, wuyansa ya ɗaure, ya daɗe yana kokawa.

"Ƙa... ƙasa."

Anti ta ajiye kofin a kan gado, ya zube.

"Ƙasa. Akawu."

Mai gadon kusa ya ce, "Malam, ka ji dai. A yi ƙasa."

Wurin da ya dafa ba ya kan ko ɗaya daga cikin ukun. Yana ƙasa da su da kamar faɗin ƙwayar shinkafa biyu. Ko tun farko bai huda daidai ba yana shirin gyarawa, ko yanzu ne ya tuna da kyau, ko ciwon ne ya gusar masa da wurin. Ban sani ba. Rula tana aljihuna. Na ji ta a ƙirjina.

Ya riƙe jirgin da hagu, ya danne shi a cinyarsa. Na ɗora mahuji daidai gefen farcensa na murza. Robar ta fito siririya tana nannaɗewa, sai na ji ya faɗa ciki.

Ya ɗaga jirgin da ƙyar ya kai ido. Ya daɗe yana leƙawa. Sannan ya miƙo min. Na leƙa. Duhu ne, ba a ganin komai. Na daɗe ni ma.

Sista ta leƙo ta ce minti gomanmu ya zama talatin, kuma wa ya jiƙa mata zanen gado?

Litinin, 27 ga wata, ƙarfe 7:30 na safe

Anti ta ce ya cinye abincin dare, ya kuma ture shayi ya ce "sanyi". Kalma uku ke nan. Mai koyar da magana ta ce kada mu yi saurin murna, hanyar da tsawo. Jirgin yana kan akwatin gefen gadonsa, ya hana a ɗauke. Bututun kawai na ɓalle na taho da shi.

Ban auna ramin ba. Na saka littafin bayanin a kwali na ɗora a saman kabad.

Na haɗa rawaya a murfin kwalba na kai wa Inna tana kan darduma. Na ce, "Inna, haka?"

Ta kai shi bakin taga, ta karkata kai.

Ta ce in ƙara fari.